Ɗaya Bai Fito Ba

Ranar da Sista ta fara aiki a ofishinmu, da allo ta zo. Ɗan farin allo ne irin wanda ake rataya wa yara, da alƙalaminsa, da tsumman gogewa da ta yanko daga tsohon zani. Ta jingina shi da bango a gefen teburinta, ta ja layi a tsakiya, ta rubuta "an saka" a gefe ɗaya, "an cire" a ɗayan. Ni kuwa bakina bai iya ganin abu ya bar shi ya wuce ba.

"Sista, makaranta za ki buɗe mana? Ni dai a sa ni ajin baya, kusa da taga."

"Ajin baya ya cika, Kawu," ta ce, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Sai dai ka zauna a ƙasa."

Tun daga nan na san an kawo mini daidai da ni.

Kawu suke ce mini, ba don na haɗa jini da kowa ba, sai don furfura. Ofishin namu ɗaki ne guda ɗaya dogo a hawa na biyu, saman shagon masu sayar da fenti. Tebur shida, fanka mai kukan tsohuwar ƙofa, da taga da ke kallon bayan wani gareji. Aikinmu gina shafukan intanet masu aiki, irin waɗanda za ka cike bayananka ka danna, wani abu ya faru. Akwai Manaja, wanda yake tafiya da sauri ko da bayi za shi. Akwai Dogo, mai kula da babbar na'urar da shafukanmu ke zaune a kai. Sauran biyun ba su shigo wannan labari ba, kuma sun gode Allah.

Sista ba laƙabin banza ba ne. Shekara goma sha tara ta yi a ɗakin tiyata tana ma'aikaciyar jinya. Aikinta a can shi ne ƙirge: duk audugar tsane jini, duk allura, duk ɗan ƙarfen da ya shiga cikin majiyyaci, sai ta ƙirga shi da shigarsa, ta ƙirga shi da fitarsa, kafin likita ya ɗinke. Tsayuwar awa bakwai, awa takwas ce ta cinye mata gwiwoyi. Da likitan ƙashi ya ce ko ta nemi aikin zama ko ta nemi sanda, sai ta karɓi tsohuwar kwamfutar ƙaninta, wadda harafi biyu suka ɓalle mata, ta fara koyon rubuta manhaja tana da shekara arba'in da biyu. Da safe take karatun, bayan yara sun tafi makaranta, ta ɗora ƙafa a kan bokiti. Shekara biyu tana haka. Har yau mahaifiyarta tana gaya wa maƙwabta wai 'yarta ta bar aikin asibiti ta koma buga takardu, kuma tana faɗin haka ne da murya irin ta ta'aziyya.

Manaja ya ɗauke ta gwaji na wata uku. Ya gaya mini a gefe cewa yana ganin ba za ta kai ba, don hannunta ba shi da sauri. Gaskiya ne, ba shi da sauri. Amma abin da ta rubuta ba ya dawowa gyara.

To, bari in gaya wa wanda bai san sana'armu ba abin da allon yake ƙirgawa. Idan kana gina shafi wani abu ya ƙi aiki, ba ka ganin cikinsa da ido. Sai ka dasa ɗan layi a cikin rubutun manhajar, ka ce masa: duk abin da ya wuce ta nan, gaya mini. Shi kuwa ba ya zaɓe. Suna ne, lambar waya ce, kalmar sirri ce, duk zai kwaso ya zube maka a wata ɓoyayyiyar taga da ke bayan shafin. A ofishinmu magulmata muke kiransu. Lokacin gini ba abin da ya kai su amfani. Amma kafin a saki shafi ga jama'a dole a kwashe su tas, domin wannan taga ba ta maginin kaɗai ba ce. Duk wanda ya san maɓallin da ake dannawa zai buɗe ta.

Mu dai yadda muke yi, mu dasa su kamar masu watsa wa kaji hatsi, ranar saki kuma Dogo ya kunna wata 'yar manhaja da ya rubuta, wadda muke kira tsintsiya. Ta bi rubutun gaba ɗaya tana neman magulmata ta share, ta ce saura sifili, mu tashi mu sha shayi. Sista kuwa duk magulmacin da ta dasa sai ta ƙara ɗaya a allo, ta kuma buɗe wani ɗan littafi ta rubuta lambarsa, da ranar, da inda ta sa shi, da dalili. In ta cire da hannunta ta soke. Wata uku ina mata tsiya a kan wannan. Na ce mata ko Dogo ya yi atishawa sai ta rubuta an saka.

Aikin da ya zo mana a lokacin na wani ƙaramin asibiti ne. Shafi suke so inda mutum zai rubuta sunansa, da lambarsa, da abin da ke damunsa, ya zaɓi lokacin ganin likita. Wanda ba shi da waya mai intanet kuma zai cike a wata kwamfuta da za a ajiye a ɗakin jira, wannan ya tashi wancan ya zauna. An sa ranar saki Alhamis ƙarfe huɗu na yamma, kuma Likita mai asibitin ta ce da kanta za ta zo ta ga an danna. Washegari Juma'a kuma wata ukun Sista ke cika.

Ƙarfe biyu Dogo ya kunna tsintsiya. Ta gama ta ce sifili. Ya miƙe har ƙashin bayansa ya yi ƙara, ya ce a ɗora ruwan shayi. Ƙa'idar ofishin ita ce duk wanda ya sa hannu a gini sai ya danna amincewa kafin a saki. Na danna. Dogo ya danna. Manaja ya tsaya a bayan kujerar Sista yana kaɗa makullin mota.

"Sista, ke muke jira."

"Ɗaya bai fito ba," ta ce.

Muka juya muka kalli allon. An saka talatin da bakwai. An cire talatin da shida.

"Tsintsiya ta ce sifili," in ji Dogo.

"Tsintsiya abin da ka koya mata ta nema take nema. Ni kuma abin da na saka nake nema."

Na ce, "Ƙila ya ga ana kora ne ya fita da kansa. Magulmaci ai ba ya jiran sallama."

Aka yi dariya, ban da ita. Ta buɗe littafinta ta ɗora yatsa a kan lamba ashirin da uku. Ta dasa shi ne sati uku da suka wuce, a shafin neman ganin likita, daidai wurin da ake faɗawa idan mutum ya danna aikawa intanet ta yanke. Ta je cire shi da safe ta tarar fayil ɗin ma gaba ɗaya babu.

"Kawu, tarihin aikin ya nuna kai ka kwashe shi."

Haka ne. Sati biyu kafin nan ruhun tsafta ya hau kaina, na tattara fayiloli sun fi arba'in, na raba wasu, na haɗe wasu, na canja musu mazauni, na tura duka a dunƙule da bayani mai kalma ɗaya: gyare-gyare. Na ce mata duk abin da ke ciki yana nan, gida kawai ya sauya, kuma tsintsiya ta bi ta sabon gidan. Da zuciya ɗaya na faɗa. A lokacin ban tuna komai ba.

Ta ja kujera ta fara bin gyare-gyaren nawa layi-layi.

Ƙarfe uku saura kwata Manaja ya daina kaɗa makulli. Ya jawo kujera ya zauna kusa da ita, ya sassauta murya irin sassautawar da ta fi tsawa.

"Sista, bari in gaya miki yadda abin yake. Matar nan ta buga sanarwa ta manna a asibitinta. Ta gaya wa mutane gobe za su fara. Wata biyar ina bin ta kafin ta yarda da mu. Na'ura ta ce babu, mutum biyu da suka fi ki daɗewa sun ce babu. Ba zai yiwu ke kika yi kuskuren ƙirge ba?"

"Zai yiwu."

"To danna."

"In na yi kuskure, zan ga inda na yi shi, sannan in danna."

"Gobe ne zan rubuta takardar gwajinki, kin sani ko?"

"Na sani, ranka ya daɗe. Ka kuma iya cire sunana daga masu amincewa ka saki, ikonka ne. Amma da yatsana ba zan ce ya fito ba alhali ban ga fitarsa ba."

Manaja bai cire sunan ba. In ya cire, duk abin da ya biyo baya a kansa yake shi kaɗai, kuma shi mutum ne mai son a raba kaya. Ya tashi ya koma bakin taga yana kallon gareji.

Dogo ya kawo mata shayi ya ajiye, ya ce a hankali, "Yaya, layi ɗaya ne fa."

Ba ta daina karatu ba ta ba shi amsa. Ta ce a shekararta ta biyu a ɗakin tiyata ta taɓa ƙirga auduga ta ga ɗaya babu. Ta faɗa. Babban likita ya ce ya duba, ba komai a ciki, yarinya ce ta ruɗe, a rufe. Ta yi shiru aka rufe. Bayan sati uku aka dawo da matar da zazzaɓi, ciki ya kumbura, aka sake buɗe ta.

"Ta rayu," Sista ta ce. "Mai sayar da kayan yara ce, har yanzu ina wucewa ta gaban shagonta. Tana gaishe ni da fara'a, don ba ta san ni ce mai ƙirgen ba. Ɗaya ce ita ma, Dogo."

Na juya ga kwamfutata ina motsa linzaminta don a ga ina aiki. Ina cikin haka idona ya faɗa kan wani ɗan fayil a can ƙasa, nan take na tuna.

Ina da wani ɗan kayan aiki da na rubuta wa kaina shekara takwas da suka wuce, ina yawo da shi daga aiki zuwa aiki kamar tsohuwar hula. Aku na sa masa suna, kuma shi ne ɗan fayil ɗin da na gani. Magulmaci ne shi ma, amma ya fi sauran iya shege: su suna faɗa su manta, shi kuwa yana ajiye abin da ya ji a cikin kwamfutar da aka yi amfani da ita, ko an rufe shafin, ko an kashe an kunna. Ranar gyare-gyaren nan na ci karo da layin Sista, na ga matsalar yankewar intanet ba kullum take zuwa ba, na ce bari in taimaka mata. Na ɗauke nata na sa aku a gurbinsa, da niyyar in gaya mata. Sai aka kira ni a waya. Tsintsiyar Dogo kuwa ba ta san aku ba, don ban taɓa gabatar da su ba.

Na zauna ina lissafin abin da hakan ke nufi. Kwamfutar ɗakin jira. Mutum ya zauna ya rubuta ciwon da ko matarsa bai gaya wa ba, intanet ta yi ɗan tari, aku ya haɗiye suna da lamba da ciwo ya ajiye. Wanda ya zauna bayansa, in yana da ɗan wayo da zaman banza, ya buɗe ya karanta.

Abu na farko da ya zo mini, kuma ba zan yi wa kaina kwalliya ba, shi ne in cire shi shiru. Minti ɗaya ya ishe ni. In tura da bayani mai kalma ɗaya kamar yadda na saba, asiri ya rufu, furfurata ta tsira. Har na ɗora hannu. Sai na kalli allon. In na cire a ɓoye, haɗarin ya tafi, amma talatin da shida tana nan talatin da shida. Matar nan za ta ci gaba da neman abin da babu shi har ƙarfe huɗu ta wuce, ba za ta danna ba, gobe kuma Manaja ya rubuta cewa ta tsayar da aiki a kan ƙirgen da ba shi da tushe. Wato in wanke kaina da ruwan aikinta.

Ina wannan saƙe-saƙen aka turo ƙofa. Likita ce, ta riga lokaci da rabin awa. Dattijuwa ce gajera mai tabarau a rataye a wuya. Manaja ya tare ta da murmushin da ya fi fuskarsa faɗi, yana cewa komai ya kammala, ɗan duba na ƙarshe ake yi. Ita kuwa idonta ya wuce shi ya sauka a kan allon. Ta sa tabarau.

"Ƙirgen wane ne wannan?"

"Nawa ne, Likita," Sista ta ce, ta miƙe tsaye duk da gwiwa.

Likita ta dube ta daga sama zuwa ƙasa, ta dubi yadda ta haɗe hannuwa a gaba. "A wane ɗaki kika yi aiki?"

"Tiyata. Shekara goma sha tara."

"Me ya ɓace?"

Sista ta yi mata bayani a jimla uku, abin da ni zan yi a talatin. Likita ta gyaɗa kai.

"An duba kwandon shara? An duba ƙasa?"

"An duba. Saura cikin majiyyaci."

Likita ta ja kujerar Manaja ta zauna. "Ina da masu jirana ƙarfe huɗu da rabi. In bai fito ba kafin in tashi, ba a saki ba ke nan, sai mu sake zama mu ga ko za mu ci gaba da juna." Ta faɗi haka tana kallon Manaja, shi kuma ya kalli Sista da idon da ya riga ya fara rubuta takardar gobe.

Shekara ashirin ina magana a ofisoshi ba a tambaye ni ba. Ranar nan ma ba a tambaye ni ba, na ɗaga murya.

"Sista. Lamba ashirin da uku yana wurina."

Na faɗi komai, har da aku, har da wayar da ta katse ni. Na so in sa ɗan barkwanci a ƙarshe don a sami wurin numfashi, na laluba ban samu ba.

Na ɗauka za ta ce in cire mu wuce. Ina. Ta ce sai ta gan shi da idonta yana aiki, don ta tabbata shi ne, ba wani ɗan'uwansa ba. Ta buɗe shafin, ta cike da sunan ƙarya, a wurin ciwo ta rubuta "yawan magana", ta ce wa Dogo ya zare wayar intanet daga bayan kwamfutar. Ta danna aikawa, shafin ya ba da haƙuri. Ta rufe shi, ta sake buɗewa kamar sabon mutum ne ya zauna, ta danna maɓallin ɓoyayyiyar taga, ta shiga ma'ajiyar da aku yake zuba abin da ya ji. Ga shi nan ɓaro-ɓaro: suna, lamba, yawan magana.

Likita ta sunkuya ta karanta. Sannan ta ce, "Rabin masu zuwa wurina maƙwabtan juna ne."

Sista ta matsa mini kujera. "Kai ka saka, Kawu, kai za ka cire. Ina kallo."

Na cire layin, na goge aku gaba ɗaya daga aikin, shekara takwas na zumunci. Dogo ya koya wa tsintsiya sunansa ko da zai yi fatalwa. Aka maimaita gwajin, aka zare waya, aka duba: wayam. Sista ta ɗauki tsumma ta goge shida ta rubuta bakwai, ta soke lamba ashirin da uku a littafi, sannan ta danna amincewa. Ƙarfe huɗu da minti goma sha biyu shafin ya hau intanet.

Da Likita za ta fita ta tsaya a bakin ƙofa ta ce wa Manaja akwai shafin sashen magunguna da take son a gina mata nan gaba, kuma tana son a riƙa aiko mata da hoton allon nan kafin kowane saki. Manaja ya ce ai dama tsarin kamfaninmu ke nan. Na buɗe baki, Sista ta taka mini ƙafa.

Takardar Juma'a ta fito da kyau. Manaja bai ce mata ta yi daidai ba, bai kuma ce ya yi kuskure ba; ya dai sayo alƙaluman allo dozin guda ya ajiye mata a tebur ya wuce da sauri.

Ni kuma na zaci za ta riƙe ni a zuci. Ranar Litinin na zo da ban-haƙurina a shirye, na yi masa ado tun daga gida. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce laifin ba nawa ba ne ni kaɗai. A ɗakin tiyata, ta ce, mutum ɗaya ba ya ƙirge. Biyu ne, da murya a sama, ɗaya na faɗa ɗaya na amsawa, kuma duk wanda ya taɓa kayan wani sai ya faɗa a ji. Ita ta zo da allo ta bar rabin ƙa'idar a can, don tana jin nauyin ta ce wa manya su yi.

"To yanzu na daina jin nauyi," ta ce. "Tunda Allah ya hore maka murya, ga aikin da ya dace da ita."

Shi ya sa duk ranar saki, in ka hawo matakalar nan ta gefen shagon fenti, za ka ji mutum biyu masu furfura suna karatu kamar 'yan aji ɗaya. Ita ta ce ɗaya, in ce ya fito. Ta ce biyu, in ce ya fito. Masu fenti sun taɓa aiko tambaya ko lafiya. Makon jiya mun kai hamsin da huɗu, na gaji, na ce mata tsintsiya fa ta ce sifili.

"Hamsin da biyar, Kawu," ta ce.

Na duba. Ya fito.